Injin Hagu na Gurguwa

"Rufe bakin nan naki, Maman Zenaba, in saurara."

Ashta, wadda yake kira Maman Zenaba, ta tsaya da tsumma a hannu. Daga filin jirgi, can bayan katangun unguwar Farsha, ana jin rurin jirgin da ake kira Gurguwa, ana gwada injinanta. Baba Ngarmaji ya karkata kai a kan tabarma, idonsa a rufe. Kwana uku ke nan da ɓarɓashin bam ya same shi a ƙofar gida, yanzu cikinsa ya kumbura, ɗakin ya fara wari. Iyalinsa sun gudu Mundu tun farkon faɗan Njamena. Ba mai jinyarsa sai Ashta, maƙwabciyarsa mai sayar da shayi, wadda suka shekara goma sha biyu suna cacar baki a kan bunsurunta da ke cinye masa yakuwa.

Shi ne bakaniken wani ƙaramin kamfanin jiragen haya. Jirage uku gare su, tsofaffi tukuf, masu farfela bibbiyu, da ke dakon nama da alhazai kafin yaƙi, kuma shi ya raɗa musu suna. Hajiya, an harbo ta a hanyar Abeshe da mutum goma sha ɗaya a ciki. Amarya ta ƙone rabi a inda take ajiye, daga jikinta ake cire kayan gyara. Saura Gurguwa, mai ɗingishi wajen sauka. Yau da azahar za ta kwashi masu rauni zuwa asibitin Mundu, matuƙinta Kaftin Berade kuwa ya ware wa tsohon wuri. Ashta har ta ɗaure masa kaya, ta samo amalanken da za a tura shi.

"Na hagu yana haɗiye numfashi," in ji shi. "Famfon mai ne. Sakarkarun nan sun mayar da tsohon."

"Ni dai ƙara kawai nake ji."

"Ke ai kunnenki na gulma ne. Tafi ki gaya wa Kaftin kada ya tashi. Ya ciro famfon Amarya, na dama, ni na naɗe shi da buhu."

"Aikin awa nawa ne?"

"Da waɗannan hannayen nasu? Sai gobe da safe."

Ashta ta dubi cikinsa, ta dubi leɓunansa da suka yi fari fat.

"Baba Ngarmaji, ba za ka kai gobe ba."

"Mutum ashirin da shida za ta ɗauka. In aka wuce Bongor ba wurin sauka."

"Wataƙila kunnenka ne ya tsufa! Zazzaɓi ke damunka."

"Shekara ashirin nake kwana da muryar Gurguwar nan. Tafi, kafin in tashi in yanka bunsurun naki."

Ta fita tana zaginsa, hawaye na zuba. A shingen filin jirgi ta daɗe a tsaye. Ga Gurguwa can, ana jera mata mutane a kan gadajen ɗauka, har da wata mata da aka naɗe wa ƙafa da zane. Ba wanda ya ji abin da tsohon ya faɗa sai ita. In ta yi shiru, kafin magariba yana hannun likita, matarsa na kansa. Allah ya sani ta so ta yi shirun.

Kaftin Berade ya saurare ta har ta gama. Ya cire hula ya buga ta a cinya, ya daka wa ma'aikatansa tsawa su kashe inji.

Kafin ta isa gida rurin ya ɗauke. Ta tarar da tsohon yana murmushi.

"Ashe kina da amfani," ya ce. "Dafa mini shayi, kada ki yi rowar sukari."

Kurɓa biyu ya yi. Ana kiran la'asar ya cika.

'Yan cocinsu duk sun watse, don haka mazan unguwa ne suka haƙa masa kabari washegari. Suna fita da shi a kan amalanken nan Gurguwa ta taso, ta bi ta saman rufin kwano ƙasa-ƙasa, ta nufi kudu. Ashta ta karkata kai yadda yake yi, ta kasa kunne iya ƙoƙarinta. Ƙara kawai ta ji, miƙaƙƙiya, har ta ɓace.

Da ta koma rufe masa ƙofa, bunsurunta na tsakiyar yakuwar yana ci a natse. Ta ɗauki dutse, ta tsaya riƙe da shi.