Kujeru Bakwai Zuwa Jazira

Labaran ya fito daga ɗakinsa rungume da ƙunshin sukari da sabon mayafin da ya saya wa mahaifiyarsa, sai ya tarar har an buɗe bayan motar, Inna Turai tana tura buhu ciki da gwiwa. Minti biyar kacal ya yi a ɗaki. A cikin minti biyar ɗin nan rabin layinsu na unguwar Alsahafa a Khartum ya fito, kowa da ƙullinsa a hannu.

Fijo ce mai kujeru bakwai, ya ɗauko ta haya har da direbanta, na yinin Juma'a ɗaya. A shekarun nan na soja man fetur sai da kati, mutum kan yi kwana biyu yana sintiri a tasha bai samu motar Jazira, yankin gonakin auduga inda garinsu yake, ba. Mako uku Labaran yana zirga-zirga wurin mai motocin kafin a ce masa ga mota, ga man zuwa da dawowa. Duk mako ukun nan bai faɗa wa kowa ba, domin ya san mutanensa Hausawan Sudan. Wanda ya tashi a unguwannin 'yan aikin auduga ya san mota ba ta tafiya gida da kujera a wofi. In ka samu, ta unguwa ce.

Abin da ya kasa yi shi ne tafiya ba addu'a. Bayan sallar asuba ya raɗa wa Malam Ladan maganar a kunne. Malam Ladan kuwa, wanda tun da aka haife shi bai san ana magana a hankali ba, ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya kai Labaran garinsu Hasahisa lafiya, shi da 'ya'yansa, a cikin motar da ya ɗauka. Aka ce amin da ƙarfin da ba a saba ba.

Yaran suna kujerar tsakiya sun yi tsit, Sauda mai shekara tara da Tahir mai biyar. Da sassafe ya ɗauko su daga Umdurman a ƙetaren kogi, gidan kakansu na wajen uwa, inda suke tun da aurensa da Ni'mat ya mutu shekara uku da suka wuce. Ni'mat ta sake aure, mijin yana aiki a Jidda, jibi za su tashi har da yaran. Yini ɗaya ta ba shi, ta kuma faɗa masa a bakin ƙofa cewa kafin magariba take son ganinsu. Shi ya ce zai kai su ne su yi sallama da kakarsu, kuma gaskiya ne. Amma abin da ya fi so shi ne hanyar, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, shi da su, babu mai leƙowa ya ce lokaci ya yi. Tsoro yake ji kada su girma a can su riƙa tuna shi a matsayin wani baƙo mai kawo alewa ranar Juma'a.

"Labaran ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji Inna Turai. "'Yata Lami ta haihu a can kwana goma ke nan, ban ga jaririn ba. Ni ba ni da jiki, ko'ina ka sa ni zan zauna."

Inna Turai ita ta yi jinyarsa wata biyu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi shi kaɗai a ɗaki. Jiki kuwa tana da shi, masha Allah. Ya ce ta shiga.

Sai ga Baba Nagoggo ana jan sandarsa, ido ɗaya a naɗe, shekaranjiya aka sallamo shi daga asibitin ido, gida yake nema. Dattijo ne, aka ba shi gaba. Bayansa Kubra ta zo da 'ya'yanta biyu, ta tsaya kawai idonta jawur. Mahaifinta ya rasu a can ranar Talata, ba ta samu motar zuwa ta'aziyya ba. Wa zai dubi wannan ya ce babu wuri?

Da aka gama shirya mutane da buhuna, Labaran ya tsinci kansa a can kujerar baya, gwiwoyinsa a ƙirji, 'ya'yan Kubra a gefensa, kwalin sabulun wani a cinyarsa. Nasa yaran suna tsakiya a matse tsakanin matan biyu, ƙeyarsu kawai yake gani. Direban, Abdullah, wani dogon Balarabe mara yawan magana, ya dube shi ta madubi ya girgiza kai, ya tada mota.

"Sauda, kin ga can?" Labaran ya ɗaga murya da suka fara fita gari. "Can na fara aiki da na zo Khartum."

"Na'am, yaba," ta ce, yadda suke kiran uba da Larabci, ba tare da ta waiwayo ba, domin Inna Turai tana warware mata kitso tana faɗan wanda ya yi shi bai iya ba.

Ya haƙura. Ya ce a ransa hanya da tsawo, in an sauke wasu zai matsa gaba.

A bakin gari, inda hanyar Madani mai bi ta Hasahisa ta miƙe, akwai shingen sojoji. Wani saurayin soja ya karɓi takardun mota, ya leƙo ta taga yana nuna kawuna da yatsa, har da na yara.

"Takarda ta ce bakwai, ku takwas ne," ya ce da Larabci. "Ɗaya ya sauka, ko ku juya duka."

Abdullah ya fita ya roƙe shi. Baba Nagoggo ya yi masa addu'a ta taga. Sojan ya nuna wani babbansu da ke zaune a inuwa yana kallo, ya ce shi ma ba son ransa ba ne. Abdullah ya zagayo baya ya yi ƙasa da murya.

"Ya zol, bawan Allah, motarka ce yau. Ka ce wani ya sauka, halas, shi ke nan."

Labaran ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Inna Turai ta shiga gyaran mayafi. Baba Nagoggo ya juya lafiyayyen idon wajen titi. Kubra ta miƙa hannu baya ta riƙo ƙaramin ɗanta. Ya jira ko wani zai ce bari ni in sauka, ko da na baki ne, don ya samu abin da zai ƙi. Babu wanda ya ce. Wannan ya fi maganar sojan yi masa ciwo. Ya tuna mahaifiyarsa, wadda tun ranar suna ba ta sake ganin Tahir ba, ya san tun jiya ta sa an share tsakar gida.

Ya ajiye kwalin sabulu ya fito.

"Ku je, zan biyo ku a wata motar," ya ce. "Inna, kin san gidan. Sauda, ki riƙe ƙaninki, ku gaida habboba, kakarku."

"Yaba, kai fa?" in ji Tahir.

"Ina bayanku."

Bai samu wata motar ba. Manyan motoci uku suka wuce da mutane har a kan kaya. Da azahar ta yi ya daina ɗaga hannu, don ko ya samu yanzu sai dai su yi saɓani a hanya. Ya yi sallah a bayan sojoji, ya koma ƙarƙashin itaciyar da wata mai shayi ta kafa murhunta. Ta zuba masa, ta tambaye shi wa yake jira.

"'Ya'yana," ya ce.

"Daga tafiya za su dawo?"

"E. Jibi kuma su sake tafiya."

Ta dube shi, ta matsa masa kujera inda inuwa ta koma. Haka ya yini yana kallon kwalta, yana maimaita wa kansa maganganun da ya tanada, wasu da Hausa, wasu da Larabci don Tahir ya gane. Kaɗaici bai taɓa yi masa nauyi irin na ranar ba, ko a ɗakinsa.

La'asar ta yi sanyi sosai kafin Fijon ta bayyana, ja da ƙura. Ya miƙe yana leƙe, yana tsammanin an sake cika ta daga can. Babu kowa sai direba.

"Mutum tara suka so biyo ni," in ji Abdullah. "Na ce mai mota ya hana. Ni ba ɗan garinku ba ne, ina iya faɗa. Hajja mahaifiyarka ta yi kuka, ta ce a gaya maka ta gan su, ta gode."

Labaran ya buɗe ƙofar tsakiya. Yaran sun yi barci, rana da wasa sun gama da su. Tahir baki a buɗe, rigarsa duk miya. Sauda ta dunƙule hannuwanta da aka sa wa lalle. Ya shiga a hankali, ya ɗora kan Tahir a cinyarsa. Sauda ta motsa ta jingino da kafaɗarsa ba tare da ta farka ba. Ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya fasa.

Suka shiga gari, suka wuce Alsahafa ba su tsaya ba. Da suka kusa mararrabar da ake karkata zuwa gadar Umdurman, Abdullah ya dubi rana ya ƙara wuta.

"In na taka, za mu kai kafin a kira sallah."

"Kada ka taka," in ji Labaran. "Bi ta Bahri."

"Ta Bahri? Ai zagaye ne, gada biyu. Mahaifiyarsu za ta yi faɗa."

"Za ta yi," ya ce, ya gyara wa Tahir wuyansa. "Bi ta Bahri, kuma ka riƙa kauce wa ramuka."