Siririyar Taya

Nasidi yana durƙushe a zaure yana ɗura wa tayar bayan kekensa iska, yana dannawa da yatsa, har sai da ta yi tauri kamar ice. Mahaifinsa, Malam Jumare, ya riga ya naɗa rawani, sai kai da kawo yake tsakanin ƙofa da tabarma, shi da ba ya taku kaɗan sai ya dafe ƙugu.

Da hantsi saƙon ya iso: Malam Zailani na Gyallesu ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Tun suna samari masu ɗaukar karatu a zaure ɗaya, su biyun suka yi alkawarin duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai ja masa salla. Babu wanda bai san da wannan ba a Ƙofar Gayan. Ga shi kuma ana tsakiyar wahalar man fetur, motocin haya da 'yan acaɓa duk suna can jere a gidajen mai.

Mahaifiyarsa, Inna Mero, ta leƙo daga cikin gida ta ce a aro keken Sabo mai gero mana. Nasidi ya kusa yin dariya. Keken Sabo ƙafafunsa ƙanana ne, tayarsa kuwa kauri kamar damtse, in ka tuƙa shi sai ka ga kai kaɗai kake wahala, hanya tana nan inda take. Nasa kuwa keken tsere ne mai manyan ƙafafu da siririyar taya, wanda ya sa aka liƙa wa kariyar ɗaukar kaya a baya. Ya shiga yi mata bayani cewa babbar ƙafa ta fi cin ƙasa a juyi ɗaya, taya mai tauri kuma ba ta shan ƙarfin mutum.

"Ni ban san gudu ba," in ji Inna. "Ciwon bayan Malam na sani."

Malam ya dubi rana ta ƙofar zaure. "Wanne ya fi sauri?"

"Nawa, Baba."

"To mu tafi."

Aka ninka buzu a kan kariya, aka ɗora tsoho. A kan kwalta keken ya yi abin da Nasidi yake alfahari da shi, feda kaɗan sai ga gidaje suna wucewa. Amma Nasidi mutum ne mai wutar ciki, bai iya ganin yanke ya ƙyale ba. Ya karya ta lunguna, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar duwatsu a tsaye.

Taya mai kauri takan haɗiye irin waɗannan, ta yi shiru da bakinta. Siririya ba ta rufa wa kowa asiri. Duk tsakuwar da ta taka sai ta miƙa wa ƙarfe, ƙarfe ya miƙa wa kariya, kariya ta sauke a ƙashin bayan tsoho. Nasidi yana jin salatin da mahaifinsa ke yi yana yankewa a tsakiyar kalma, yana jin yatsunsa suna ƙara damƙe masa riga. Ya yi tunanin tsayawa ya rage iska, sai ya tuna siririyar taya in ta yi laushi ƙarƙashin mutum biyu, dutsen farko zai fasa ta. Tsoro ya kama shi ta ko'ina, sai ya ƙara taka feda.

Daf da Ƙofar Doka ƙafar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Malam ya yi wani irin nishi da Nasidi bai taɓa ji daga bakinsa ba.

"Baba, in tsaya?"

"Tuƙa."

Suka isa Gyallesu ko kiran azahar ba a yi ba. Mutane suna zazzaune a inuwa, wani yana cewa masu haƙa kabari ma ba su dawo ba tukuna. Nasidi ya ji daɗi ya taso masa, amma bai daɗe ba, domin da ya kafa ƙafa ya ce Baba ya sauka, Baba bai motsa ba. Mutum biyu suka cicciɓo shi, da suka tsayar da shi ƙafafun suka lanƙwashe. Aka jingina shi da bango. A nan ya yi azahar a zaune, gumi yana bin rawaninsa.

Da aka fito da makara, Dogara, babban ɗan mamacin, ya zo ya durƙusa a gabansa ya ce kowa shi yake jira. Malam ya dafa sanda ya yunƙura, Nasidi ya tallabe shi ta hammata, ya tashi rabi ya koma. Sallar gawa a tsaye ake yin ta daga kabbara har sallama, kuma na zaune ba ya jan na tsaye. Malam da bakinsa ya karantar da almajiransa wannan shekara da shekaru.

Nasidi ya ce shi zai riƙe shi har a idar. Malam ya girgiza kai.

"Ba zan raka shi da salla mai shakka ba. Dogara, ce wa limaminku ya shiga gaba."

Mutane suka soma jera sahu. Nasidi ya tsuguna kusa da mahaifinsa, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga ido. Yana so ya nemi gafara, bai san ta inda zai fara ba. Tsohon ya taɓa masa gwiwa da sanda.

"Tashi ka shiga sahu. Kada Zailani ya rasa mu duka biyu."

Nasidi ya tsaya a sahun ƙarshe. Wata murya da bai sani ba ta yi kabbara daga can gaba. Daga bayansa kuma, ƙasa-ƙasa a jikin bango, ya ji mahaifinsa yana maimaitawa.