Tafin Ƙafar Malam Sa'adu

Tun da ciwon suga ya kashe wa Malam Sa'adu ji a ƙafa, 'yarsa Fadila ta mai da ƙafafun nan aikinta. Lokotoron asibiti ya ja mata kunne cewa ko ƙaya ta soke shi ba zai sani ba, kuma ɗan rauni a irin wannan ƙafa yana iya kai wa ga yanke ta. Kullum sai ta wanke, ta leƙa tsakanin yatsu, ta shafa man kaɗanya. Ko kaushi ba ta bari ya fito ba.

Sai ga ƙanenta Lawwali ya dawo daga cin rani a Kano da mota. Tsohuwa ce tukuf, amma ta sha aiki: an ƙara wa inji wuta, an sa salansa mai faɗin baki, an shimfiɗa jan kafet. In ya taka ta, awakin Matameye sai sun watse, shi kuwa a wurinsa wannan shi ne arziki.

Ya dage shi zai kai Baba gaisuwar rasuwa a ƙauyen Dungu. Ran Fadila bai so ba, amma tsoho ya riga ya sa babbar riga, baki har kunne. Aka zaunar da shi gaba.

Bayan la'asar suka dawo, Malam ya shigo da takalmansa a hannu.

"Baba, ya haka?"

"Haba Fadila, shimfiɗar motar nan ta fi ta ɗakina. Ya za a yi in taka ta da takalmi?"

Ta kawo ruwa, ta ɗaga ƙafar dama, sai ta saki salati. Tafin ya yi bororo, fatar diddige ta saɓule, jan zaren kafet ya manne a naman. Shi kuwa Malam yana ta ba da labarin yadda mutanen Dungu suka kewaye motar ɗansa.

Ta fita ko mayafi babu. Motar na ƙofar gida, Lawwali bai ma kashe ta ba, yana nuna wa abokai. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗora tafin hannu inda ake aje ƙafa, ta janye da sauri.

"Me ke ƙarƙashin nan?"

"Tukunyar salansa ce, Yaya. Tun da aka ƙara wuta takan ɗan yi zafi."

"Haka masu motar suka ƙera ta, tana gasa mutane?"

Ya sosa ƙeya. Da akwai wani farantin ƙarfe tsakanin tukunyar da ƙasan motar, mai tare zafi. Yana kaɗawa, yana ɓata masa ƙarar salansa, shi ne ya sa aka cire. Makanike ya ce a bari, shi ya ce ai kuɗinsa ne.

Fadila ta dube shi. Duk wahalar da ta sha a kan ƙafar nan, ashe ƙarar salansa za ta cinye ta!

"Cire takalminka."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Na ce cire! Taka nan."

Ya cire, ya taka. Bai gama ajiye ƙafar ba ya yi tsalle baya, yana riƙe da ita yana yarfe hannu.

"Tun daga nan har Dungu Baba yake take da wurin nan," in ji Fadila. "Zuwa da dawowa. Je ka samo wata motar, Damagaram za mu, asibiti. Wannan ko gawata ba za ta shiga ba."

Kafin ya juya, sai ga muryar Malam daga zaure.

"Lawwali! Allah ya yi maka albarka. Juma'a ma ka kai ni ƙauyen Tsauni, su ma su gani."

Lawwali ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya kasa cewa amin.