Farin Garin Kyari

Nomau mai kilishi ya shekara talatin a unguwar Zango ta Damagaram ba a taɓa dawo masa da nama ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Sai ga bikin 'yancin kan Nijar ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da nama ba ya bushewa, sai dai ya yi funfuna ya yi wari. Shi kuwa ya riga ya cika baki cewa ranar bikin duk Damagaram kilishinsa za ta ci.

Abokinsa Kyari, wanda ya yi aikin kuku a gidan kumandan, Baturen mulki, shi ya kawo masa wani farin gari a gwangwani, irin wanda Nasara ke sa wa nama ya daɗe yana ja bai lalace ba.

"Ɗan tsunkule ɗaya a ƙwarya," in ji Kyari. "Kada ka wuce."

Nomau ya yi dariya. Ya san Nasara da rowa, mutanen da ke ƙirga sukari a shayi. Shi gishiri ma da tafin hannu yake zubawa, haka ya zuba wannan a cikin labu, har da ɗan ƙari don albarka.

Kilishi ya fito ja wur. A gidansu mai yi ne ke fara ci kafin a kai kasuwa, ya zauna ya tashi da falle uku, yana yabon kansa. Kafin la'asar kai ya sara, zuciya na dukan uku-uku, leɓɓansa sun koma shuɗi kamar baban rini. Da ƙyar aka kai shi wurin likita. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya tuna yawan yaran da ke cin kilishinsa.

Ya kwana biyu ya dawo gida, saura kwana ɗaya biki. Matarsa Balki ta nuna masa tulin kilishin, naman bijimai biyu.

"Malam, in an gauraya shi da wani mai kyau fa? Mutane na ta aiko da tambaya."

Ya daɗe yana kallon jan naman, mafi kyan da ya taɓa yi.

"A haƙa rami a bayan gida a binne shi," ya ce. "Ki faɗa musu gaskiya, Nomau ya fi Nasara wayo, ya kusa kashe kansa."

"Za su yi maka dariya har ka tsufa."

"Su yi, Balki. Gara su yi ta da ransu."