Ruwan Albarka a Jakar Gwaji

Lamduan ta ɗaga murfin akwatin, sai ta ga wayam. Jakar furen da ta ɗaure jiya don aikawa gwaji ta yi ɓatan dabo, haka ma keken mahaifiyarta.

"Prayun! Ina Mae ta shiga?"

Mijinta ya leƙo daga rumfar shanya, baki cike da shinkafa mai danƙo. "Ta tafi da jakar mana. Ai ita ke kai wa direba tasha, amma takan biya ta haikali tukuna."

"Haikali? Yin me?"

"Oho. Ni na isa in titsiye surukata?"

Ita fa Lamduan bana ta ga ta kanta. Ta bar aikin masaƙa a Bankok, ta dawo ƙauyensu a Buriram, ta yanki lasisi ta noma wiwi na magani, wanda asibitin gunduma ke tatsar mai daga furensa don masu ciwo. Fure ya yi kyau, ya bushe ƙayau. Amma sau biyu tana aika samfur ɗakin gwaji, amsar ɗaya ce: ƙarfi ya kai, babu maganin ƙwari, sai dai akwai fumfuna. In na uku ya faɗi, za a ƙone amfanin kakaf a gaban jami'ai. Ba irin zagin da ba ta yi wa ɗakin gwajin nan ba. Har ta taɓa ce wa Khun Rattiya, mai gwajin, injinsu ne ke da fumfuna, ta kashe waya.

Ta haye babur ta ba shi wuta.

A haikali ta tarar da mahaifiyarta, Mae Thongsuk, durƙushe gaban Luang Pho, tsohon malaminsu mai mayafi ruwan goro. Ga jakar a kan ƙyallen karɓar sadaka, baki a wangale. Malamin ya tsoma 'yar tsintsiyarsa a ƙwaryar ruwan albarka ya ɗaga.

"Luang Pho, a yi haƙuri, a dakata!"

Ina! Ruwa ya riga ya sauka, fatsal-fatsal, har cikin furen.

"Ke, wace irin rashin kunya ce wannan?" in ji tsohuwar. "Cire takalmi ki durƙusa."

Lamduan ta cire, ta durƙusa, ta haɗa tafin hannu a goshi. "Mae, tun na farko haka kike yi?"

"To da? In tura kayan 'yata birni ba albarka? Na farko ya yayyafa kaɗan, ya faɗi. Na biyu na ce ya ƙara, ya sake faɗuwa. Shi ya sa yau na ce ya sakar masa hannu."

Lamduan ta dubi jakar. Jiƙaƙƙen fure, a ɗaure a leda, ya wuni a bayan mota cikin zafin nan, ya jira layi a birni. Ai ko dutse ne ya yi fumfuna! Ke nan buhunan da ke gida lafiyarsu ƙalau. Ta so ta yi faɗa, amma daɗi ya hana ta. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana dafe da ciki a gaban malami.

Da ta samu numfashi ta yi bayani, Luang Pho ya ajiye tsintsiyar yana murmushi. "Thongsuk, ai albarka ba ta bukatar a buɗe mata jaka. Tana ratsa leda."

"Me ya sa ba a gaya mini ba tun farko?"

"Kin taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana?" in ji malamin.

A bakin haikalin Lamduan ta kira Khun Rattiya, kunya kamar ta nutse. Matar ta saurara, sannan ta fashe da dariya.

"To, injin namu ya warke ke nan?"

"Khun Rattiya, ki yafe mini. Bakina ne ya fi ni sauri."

"Ba komai, Yaya Lamduan. Mu abin da aka kawo mana muke aunawa, ba mu san inda ya biya ba. Gobe zan zo da kaina in ɗiba."

Ta kuwa zo, da safar hannu da takunkumi. Ta ɗiba daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ta liƙe jakar ta sa hannu. Mae Thongsuk ta cika ta da dakakkiyar gwanda mai barkono har tana shan iska, kuma ba ta bar ta ta tafi ba sai da motarta ta biya ta haikali aka yayyafa mata ruwa, gilasai a rufe.

Ranar da waya ta yi ƙara, Lamduan na cikin rumfa, ta yi wuf ta ɗauka.

"Tsaf yake," in ji Khun Rattiya. "Ba fumfuna ko ɗigo. Asibiti na iya ɗauka."

Lamduan ta ƙwala ihun da ya watsa kajin gidan. Prayun ya kunna rediyo ya kama rawa da tsintsiya a hannu, maƙwabta suka shigo, aka hura gawayi aka ɗora kaji. Tsohuwar kuwa na zaune a gadon gora tana fifita, ko a jikinta.

"Kun gani ko? Motar da aka yayyafa wa ruwa."

Ba wanda ya yi mata musu.

Bayan asibiti ya tace man, likita ya rubuta wa Mae Thongsuk 'yar kwalba ɗaya saboda ciwon gwiwa. Ko zama ba ta yi ba da suka dawo gida, ta saka kwalbar a kwandon keke ta kama hanyar haikali.

"Mae! Murfin!"

"Na ji!" in ji tsohuwar, ba ta ko waiwayo ba. "Tana ratsa kwalba!"

Lamduan ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana. Sannan ta tada babur ta bi bayanta.