Faifan Malam Ilu

"Ka tabbata komai ya koma cikin wancan?" Malam Ilu ya sake tambaya, yana nuna ɗan baƙin faifan ajiyar da ke jone da kwamfutarsa.

"Komai, Malam. Zo ka gani da idonka."

Abdurra'uf ya juyo masa fuskar kwamfutar, ya buɗe foldar da maganganun suke, ya danna ɗaya. Muryar Malam Ilu ta fito tar, yana magana da Fillanci. Nan take mai muryar ya ɗaga hannu, kunya ta kama shi.

"Kashe, kashe. Ba taka ba ce."

Abdurra'uf ya kashe yana dariya. Shagonsa na gyaran kwamfuta yana bayan tashar Gumel, gidansa kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da na Malam Ilu, tsohon malamin dabbobi da ya gama aikinsa a Sule Tankarkar ya dawo gari ya zauna. Duk unguwar an san ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Idanunsa sun yi rawaya, rigar da a da take kama shi yanzu sai ka ce a jikin sanda aka rataye ta. An kuma san matarsa Rabi ta samu ciki bayan shekaru masu yawa da kowa ya fitar da rai. Abin da ba a sani ba shi ne, tun da likita ya gaya masa gaskiya, Malam Ilu yake rufe ɗaki bayan la'asar yana yi wa jaririn da ke cikin Rabi magana a kwamfuta. Yana gaya masa sunayen kakanninsa, da inda suka yi kiwo, da yadda ake gane saniya mai zazzaɓi. Rabi ba ta jin Fillanci, shi kuma ba ya so ɗansa ya tashi bai taɓa jin yaren daga bakin ubansa ba.

Sai kwamfutar ta kama bairos, ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa. Abdurra'uf ya ce ba makawa sai an goge ta tas an ɗora mata sabuwar manhaja. Za a kwashe komai a faifan ajiya, in an gama a mayar.

"Malam, bari in ajiye kwafi ɗaya a tawa kwamfutar. Haka ƙa'idar aikin take. Ba a barin abu a wuri ɗaya."

"A'a, maƙwabci. Magana ce tsakanina da yaron. Shagonka kowa shiga yake."

"Ba wanda zai buɗe."

"Na ce a'a. Goge kawai."

Abdurra'uf ya goge. Ya san ƙa'idar, ya kuma san bai kamata ya yarda ba, amma wa zai tsaya gardama da mutumin da zama a benci ma wahala yake ba shi? Aikin ɗora manhajar ya ja, janareto ya mutu a tsakiya, aka sake tayarwa. Kafin a kai ga mayar da kayan, gumi ya rufe Malam Ilu, ya ce zai tafi gida. Ya zare faifan da kansa, ya naɗe wayarsa, ya zura a aljihun rigarsa.

"Wannan ba ya kwana a kasuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo maka."

Abdurra'uf ya tare masa adaidaita sahu, ya riƙe shi har ya zauna.

Washegari ba shago aka kai Malam Ilu ba, asibiti aka kai shi. Da Abdurra'uf ya je dubiya ya tarar da shi kwance, an sa masa ruwa, wansa Hamma da ya zo daga rugarsu ta wajen Gagarawa yana zaune a gefe yana jan carbi. Malam Ilu ya yafito shi da yatsa.

"Ka gama?"

"Na gama, Malam. Ta zama sabuwa fil. Saura faifan."

"Yana gida. In na fito."

Bai fito ba. Ranar Talata da hantsi aka dawo da shi a lulluɓe, kafin azahar an kai shi.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Abdurra'uf ne ya kawo nasa, shi ya ɗauko butoci, shi ya riƙa nuna wa baƙi inda za su ajiye babura. Kullum yana zaune kusa da Hamma, kullum maganar faifan tana zuwa masa har bakin leɓe, sai wani ya yi sallama a ɗaga hannu a yi addu'a, maganar ta koma ciki. A rana ta biyu ya gaya wa matarsa Lauratu ta shiga ta raɗa wa Rabi ta nemo faifan ta adana.

Lauratu ta dube shi kamar ya zagi wani.

"A gidan rasuwa? Mata cike da ɗaki, dangin miji sun zuba mata ido, in shiga in ce ina kayan mamaci? Ai kafin magariba an ce maƙwabta sun fara lissafin gado. Kuma kwamfutarsa tana hannunka, ka manta? Ka bari a share makoki."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. A garin nan mutum ya gwammace abu ya lalace a gabansa da a ce ya yi rashin kara. Abdurra'uf ma ɗan garin ne. Ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da amsa "ya haƙuri" tare da kowa.

Sai da aka yi sadakar bakwai aka naɗe tabarmi sannan ya ɗauki kwamfutar ya yi wa Hamma sallama a zaure. Ya durƙusa ya ajiye ta a gabansa.

"Baba, wannan ta marigayi ce, ya kawo gyara. Akwai wani ɗan baƙin abu mai waya, kamar tafin hannu, da ya tafi da shi a aljihu. Shi nake so a ba ni in ƙarasa aikin."

"Ɗan baƙi mai igiya?" Hamma ya gyara rawaninsa. "Na gan shi. Da za mu ba da rigunansa sadaka muka zazzage aljihu, ya faɗo. Abin cajin waya ne ai."

"Ba na caji ba ne, Baba."

"To shi ya sa. Na jona wayata ta wuni ba ta ɗauki komai ba. Na ce ya lalace. Ranar Alhamis da na ɗan fita na kai bijimi kasuwar Maigatari na nuna wa wani yaro mai tura fina-finai, Ubale, ya karɓa ya ba ni mai kyau." Ya zaro fawa bank daga aljihu, ja, mai ɗan fitila a kai, ya nuna da alfahari. "Wannan na ajiye wa marayan. Ba a ci masa komai ba."

Abdurra'uf ya yi masa bayani a hankali, ya gaya masa abin da ke ciki. Hamma ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Ilu ke nan. Yana da wa a duniya, ya tafi yana gaya wa ƙarfe. In Fillanci ne ai ina nan, zan koya masa."

"Muryarsa ce, Baba."

"Murya ta tafi da mai ita. Sai addu'a."

Abdurra'uf ya ɗauki kwamfutar ya fita. Ya tayar da babur ya kama hanyar Maigatari, yana ratsa manyan motoci masu jiran tsallakawa Nijar. Ya samu rumfar Ubale a bakin kasuwa, lasifika tana ta ihu, matasa sun yi layi da wayoyi. Faifan yana nan a kan tebur, jone da kwamfuta, fitilarsa tana ƙiftawa.

"Don Allah zare wancan," in ji Abdurra'uf, ko gaisuwa bai gama ba. "Yanzu."

"Lafiya, maigida? Tura nake."

"Abin da ke ciki da aka kawo maka, yana ina?"

"Wai surutun wani dattijo? Na buɗe ɗaya na ji Fillanci ne, na ɗauka wa'azi ne. Na yi masa fomatin, na goge komai." Ubale ya sosa ƙeya. "Faifai ne mai kyau wallahi. Na cika shi taf, ko waƙa ɗaya ba za ta ƙara shiga ba."

Wannan kalma ta "taf" ita ta gama da Abdurra'uf. Duk mai wannan sana'a ya sani, in an goge faifai aka bar shi haka, ana iya tono abin da ke ciki. In kuwa an zuba sabon kaya a kai, sabon yana danne tsohon ne, ya shafe shi. Ya so ya shaƙe Ubale, amma da wane dalili? Mutum ya karɓi kaya a hannun dattijo da rana tsaka, ya yi abin da yake yi kullum. Da ya ji labarin ma, sai ya zare faifan ya miƙa da hannu biyu, ya ce Allah ya jiƙan mai shi.

Abdurra'uf ya rufe shago bai karɓi aikin kowa ba. Ya jona faifan, ya sa manhajar tono fayiloli, ya zauna yana kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya kamar ba ya so. Wuni guda janareto yana ci. Da yamma sunaye suka fara fitowa, murna ta kama shi, ga su nan jere yadda Malam Ilu ya sa musu. Ya danna na farko, sai kiɗan fim ɗin Indiya. Na biyu ƙarar harbe-harbe. Na uku bai buɗe ba sam. Sunayen ne kawai suka rage, cikinsu duk na Ubale ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, yana dannawa yana tsaki, daga baya tsakin ma ya daina.

Guda ɗaya ne ya zo da wani abu. Ya saurare shi, ya yanke kiɗan da ya biyo baya, ya mayar da ɗan guntun cikin sabuwar kwamfutar. Aikin da aka ce ya yi ke nan, mayar da kaya, ya kuwa mayar da abin da ya samu. Bai taɓa jin ya tsani sana'arsa ba sai ranar.

Rabi tana takaba, ba ta fita. Lauratu ta shiga ta yi masa iso, ya tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki, labule a tsakaninsu. Yana hango ƙafafunta da suka kumbura a kan tabarma.

"Yaya Rabi, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. An samo?"

Ashe ta sani. Hamma ya shigo ya faɗa mata, a matsayin labarin wautar ƙaninsa.

"An samo faifan. Amma an riga an zuba wasu abubuwa a kai. Laifina ne. Da na yi magana tun ranar farko, da yana nan."

Ba ta ce masa ba laifinsa ba ne. Ya jira ta faɗa, ba ta faɗa ba.

"Kullum in ya rufe ɗaki faɗa nake masa," ta ce can. "In ce ga ni zaune, ka tafi kana hira da na'ura. Sai ya ce in bari, wata rana zan ji tare da yaron, yaron ya fassara mini. Ba abin da ya rage?"

"Akwai ɗan kaɗan. Bai kai a kira shi magana ba."

"Sa mini."

Ya miƙa wa Lauratu kwamfutar, ya gaya mata inda za ta danna. Aka ji motsin kujera, sai Malam Ilu ya yi gyaran murya, ya ce, "Bismillahi. To." Ya ja numfashi zai fara. Shi ke nan.

Wata akuya ta leƙo ta koma.

"Ina ake dannawa?" in ji Rabi. "Nuna mini, Lauratu."

Abdurra'uf ya sa takalmansa ya fita bai yi sallama ba. Ya shiga gidansa ya ɗebi ruwa a buta, ya tsuguna a gindin katanga zai yi alwalar magariba. Ya wanke hannu ke nan ya ji gyaran murya daga can ɗaya gefen, irin wanda magidanci yake yi in zai shiga gidansa. Aka ɗan yi shiru, aka sake. Aka kuma sakewa. Ya tsaya da butar a karkace, ruwan yana zuba a ƙasa.