Kujerar da Mataji Ya Kama

Ɗan Tela ya riga kowa zuwa ɗakin lacca, amma ya tarar kujerun gaba duk da masu su. Ba mutum ko ɗaya a ɗakin. A kujera ta farko warin takalmi ne, a ta biyu cokali, sai murfin tukunya, sai kwaɗo a kulle ba ƙofa, sai kan 'yar tsana mai ido ɗaya yana kallon silin. Haka layin ya tafi har bango, kamar kayan da ruwa ya kwaso ya zubar ya wuce.

Satinsa na farko ke nan a jami'a, bai san haka ake kama wuri ba. Ya ture wani mataji mai karyayyun haƙora ya zauna. Da ɗaki ya fara cika, wani ƙato ya tsaya a kansa. Tsohon Hannu ake ce masa, don ya maimaita ajin farko.

"Ƙane, ba ka ga mataji a nan ba?"

"Ga shi can a ƙasa."

"To ni ne ka jefar. Tashi."

"Mataji ne zai rubuta jarrabawa?"

"A'a, amma ya riga ka shiga makarantar nan."

Aka yi dariya, aka yi ta tura shi baya har bayansa ya taɓa bango.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kunnen hagun Ɗan Tela ya mutu tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami, na daman kuma yana ji ne kamar ta cikin bargo. Da ido yake cike sauran, yana karanta bakin mai magana. A sakandare malamai sun san shi, gaba ake ajiye shi ba sai ya roƙa ba. A nan kuwa, daga can bayan ɗaki, bakin malamin lissafi ɗan ɗigo ne ƙarƙashin gashin baki, lasifika kuma sai gunji take kamar ƙuda a kwalba. Ya koma kwafar rubutun na kusa da shi, wanda shi ma kwafa yake daga na gabansa.

Ya ce to, shi ma zai bi doka. Da yamma ya ajiye kwarkwaron zaren da ya taho da shi daga shagon babansa a kujerar ƙarshe ta layin gaba. Da safe ya tsince shi a kwata. Ya tari shugaban aji da shi a hannu, yana ɗiga.

"Ba a san zarenka ba," in ji shugaban aji. "Kayan nan gado ne. In mutum ya haye aji biyu sai ya bar wa ƙanensa ko abokinsa. Cokalin nan ya fi ni daɗewa a ɗakin nan."

"Wanda ba shi da wa fa?"

"Sai ya yi haƙuri."

Gwajin farko ya faɗi warwas. A bakin maƙwabcinsa ya karanta cewa malam ya ce duk wanda ya sake faɗuwa a na biyu ba zai shiga jarrabawa ba. Ya kira yayarsa, ya manna wayar a kunnen dama har tana masa zafi.

"Ka faɗa musu zancen kunnenka mana," in ji ta.

"In faɗa wa wa, Yaya? Su sa mini suna in ɗauka har in gama?"

"Suna ya fi a koro ka ciwo? Baba fa duk wanda ya kawo ɗinki sai ya gaya masa ɗansa injiniya ne. Har mai kawo facin wando."

Ya kashe wayar ba sallama. Haushin Yaya yake ji, da na Baba, da na cokali.

Washegari ya zo da zanen gadonsa. Ya bi layin gaba yana sharo kayan a ciki, takalmi da kwaɗo da murfi da kan 'yar tsana, ya ɗaure, ya juye su a kan teburin malam. Sannan ya zauna a tsakiya, daidai inda bakin malam zai fuskanto shi, ya riƙe gefen bencin da hannu biyu.

Masu kaya suka iso. Bai ji duk abin da suke cewa ba, amma ya ga bakuna da yawa a buɗe, ya gane zagi a cikinsu. Tsohon Hannu ya cakumi wuyan rigarsa, ɗinkin Baba ya yage har kafaɗa. Bai saki bencin ba. Ana haka malam ya shigo, kowa ya faɗa inda ya samu. Tsohon Hannu ya kutsa ya zauna a hagun Ɗan Tela.

Malam ya ɗaga kan 'yar tsanar da yatsa biyu, ya yi magana kansa a sunkuye. Hannaye suka nuna Ɗan Tela. Ya miƙe.

"Ban ji abin da ka ce ba, Malam."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Malam ya ɗago a fusace. "Raini ne?"

"Wannan na ji, don ka kalle ni. Tun da aka buɗe makaranta ban taɓa jin ka ba. Kunnena ɗaya matacce ne, ɗayan rabi. Bakinka nake karantawa, kuma cokali ya fi ni gata a ɗakin nan."

Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. Daga can bayan ɗaki wani ya ce wani abu, dariya ta sake tashi, ya san sunan da yake gudu ya samu ke nan.

Malam ya daɗe yana duban tulin kayan. Bai ce a yi haƙuri ba, bai kuma ce a daina kama wuri ba. Ya ce wa shugaban aji, "Kujerar nan tasa ce. Zo ka kwashe mini shirgin nan."

Aka fara karatu. Tsohon Hannu ya karkato yana zuba masa magana a kunnen hagu, ɗumin numfashinsa kawai ke isowa. Ɗan Tela bai juya ba. Yana jin malam yanzu, kalma bayan kalma, sai dai karatun ya yi nisa, an wuce shi da babi da yawa, kuma gwaji saura kaɗan. Da malam ya juya yana yi wa allo bayani, ya ɗaga hannu da yagaggiyar rigarsa.

"Malam, juyo ka maimaita."